Tawagar Kanada ta hokin ƙanƙara: a bakin raga matsalar take

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu na wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani wasa da ban taɓa ganin an ba shi ko da layi biyu a shafinku na wasanni ba, wato hokin ƙanƙara. Na san wasu za su ce ina ruwan biri da gada, tunda mu ƙwallon ƙafa muka sani, sai dambe da kokawa. Sai dai shekara tara ke nan ina zaune a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa kusan rabin shekara, kuma a nan mutum ba ya shiga motar haya ko ya zauna cin abincin rana a wurin aiki bai ji ana gardamar waɗanda za su wakilci ƙasar a gasar Olamfik ta hunturu ba. Tun ina saurare da kunne ɗaya har na zama ɗaya daga cikin masu gardamar.

Ga wanda bai taɓa kallo ba, wasan na mutum shida-shida ne a kan daskararren fili, biyar suna sulɓi da takalma masu kaifin ƙarfe a ƙasa, ɗaya yana tsaron wata 'yar ƙaramar raga. Da sanduna suke kora wani baƙin faifan roba mai tauri, wanda zan riƙa kira ƙwallo domin sauƙin bayani. Ana yin zango uku na minti 20 kowanne, kuma saboda tsananin gudu ba a barin ɗan wasa ya wuce kamar minti ɗaya a fili kafin a canja shi, ban da mai tsaron raga, wanda shi yakan tsaya daga farko har ƙarshe. A riƙe wannan bambancin, domin a kansa maganata za ta tsaya.

A lokacin da nake wannan rubutu, wato ƙarshen 2025, ana shirin gasar maza ta Olamfik da za ta gudana a birnin Milan na Italiya daga 11 zuwa 22 ga Fabrairun 2026, da ƙasashe 12, ban da Rasha wadda aka dakatar saboda yaƙin Yukren. Abin da ya ba ta armashi shi ne dawowar 'yan wasan NHL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada, waɗanda rabonsu da Olamfik tun ta Sochi a 2014. Kowace ƙasa za ta tafi da mutum 25, uku daga ciki masu tsaron raga. Tun a watan Yunin 2025 Kanada ta bayyana sunaye shida na farko, wato Sidney Crosby da Connor McDavid da Nathan MacKinnon da Cale Makar da Brayden Point da Sam Reinhart, sauran guraben kuwa Doug Armstrong, shugaban masu zaɓe, da koci Jon Cooper ne za su cike su zuwa ƙarshen shekarar 2025.

A 'yan gaba babu abin damuwa, illa ma yawansu ne ya zama ciwon kai. McDavid, wanda zai cika shekara 29 a Janairun 2026, har zuwa 2025 bai taɓa taka filin Olamfik ba duk da cewa jama'a da dama na ganin babu kamarsa a duniya, ga kuma takaicin wasan ƙarshe na kofin Stanley, wato kambun NHL, biyu a jere da ƙungiyarsa ta Edmonton ta rasa a hannun Florida a 2024 da 2025. Crosby ya cika shekara 38 a 2025, ya ci zinare a 2010 da 2014, kuma har yau bai zama ɗan rakiya ba. Bayan waɗanda aka riga aka ambata, ni zan rubuta Mitch Marner da Mark Stone da Brandon Hagel da Sam Bennett da Brad Marchand ba tare da dogon tunani ba, sannan in ƙara da Nick Suzuki da Tom Wilson. Mutanen garinmu suna ta kururuwa a kan Mark Scheifele, kuma suna da hujja, ko da yake ina zargin son na gida yana ciki.

Inda zan ja kunnen masu zaɓe a wannan sashe shi ne kan matasa, kuma tarihin Italiya ɗin ce ya sa. A gasar Turin ta 2006 Kanada ta bar Crosby a gida saboda yana ɗan shekara 18, ta ɗebi gogaggun da suka yi mata aiki a baya, sai ga shi ta kasa cin ƙwallo ko ɗaya a wasanni uku cikin huɗun ƙarshe. Siwizalan ta ci ta 2 da nema, Finlan ta maimaita, Rasha ta sallame ta da irin wannan sakamakon a wasan daf da na kusa da na ƙarshe, ta koma gida a matsayi na bakwai. Yau ga Macklin Celebrini na San Jose, haifaffen 2006, wanda ya riga ya buga wa ƙasar tare da Crosby a gasar duniya ta 2025, ga kuma Connor Bedard na Chicago, haifaffen 2005. Idan gurbi ɗaya ne ya rage, Celebrini zan ba, domin yana komawa baya ya taya tsaro idan ƙwallo ta kuɓuce, abin da Cooper ba ya wasa da shi.

'Yan baya ba za su ɗauke mu lokaci ba. Makar da Devon Toews tare suke wasa a Colorado, kowa ya san motsin ɗan'uwansa, don haka babu dalilin raba su. Josh Morrissey da Shea Theodore da Colton Parayko da Thomas Harley da Travis Sanheim sun cancanta, gurbi na takwas kuma ana iya barin sa tsakanin dattijo Drew Doughty da Evan Bouchard. Layi ne mai kyau, amma ban yarda ya fi na Amurka ba.

Yanzu sai mu zo ga raga, inda nake ganin za a yanke hukuncin gasar baki ɗaya. Shekara da shekaru Kanada ba ta taɓa kwana da tunanin wanda zai tsare mata gida ba. Ta yi Patrick Roy, ta yi Martin Brodeur da Roberto Luongo, sannan a Sochi Carey Price da abokan aikinsa ƙwallo uku kacal suka bari ta shiga a wasanni shida, aka doke Suwidin 3 da nema a wasan ƙarshe. Wannan zamanin ya wuce. Har zuwa 2025, rabon da ɗan Kanada ya ɗauki kyautar Vezina, wadda ake ba gwarzon mai tsaron raga na NHL, tun Marc-André Fleury a 2021. Wanda ya ɗauke ta a 2024 da 2025, ya haɗa har da kyautar gwarzon ɗan wasan gasar gaba ɗaya a 2025, shi ne Connor Hellebuyck, kuma abin dariyar shi ne a nan Winnipeg yake wasa, amma Ba'amurke ne. Bayansa Amurka tana da Jake Oettinger da Jeremy Swayman, waɗanda kowannensu da ɗan Kanada ne da an daina gardama.

Masu kare Jordan Binnington, mai tsaron ragar ƙungiyar St. Louis, suna kafa hujja da gasar ƙasashe huɗu (Kanada da Amurka da Suwidin da Finlan) ta Fabrairun 2025, inda shi ya tsare wa Kanada raga, kuma ba zan raina hujjarsu ba domin da idona na gani. Na kalli wasan ƙarshen a ɗakin ƙasa na gidan maƙwabcina, wani tsohon direban bas da ya koya mini dokokin wasan nan da gwangwanayen lemo a kan tebur. Da aka shiga ƙarin lokaci a birnin Boston ana 2 da 2, sai Amurkawa suka yi wa ragar Kanada rubdugu, Auston Matthews ya samu dama har gaban raga, Binnington ya tare da hannu da ƙafa da duk abin da Allah ya hore masa. Tsohon nan ya tashi daga kujera ya kasa komawa, yana riƙe da kofin shayinsa da ya huce tun tuni. Bayan kamar minti takwas Marner ya miƙa wa McDavid, shi kuma ya ɗaga ƙwallon ta wuce Hellebuyck, aka tashi 3 da 2. Maƙwabcin nawa ya yi ihu har matarsa ta leƙo daga sama, sannan ya juya ga talabijin ya ba Hellebuyck haƙuri, wai na gida ne.

To amma dare ɗaya ba ya zama ma'auni. Kwana biyar kafin wannan wasa, a Montreal, Amurka ta ci Kanada 3 da 1, kuma ƙwallon farko da Amurka ta ci ta tsakanin ƙafafun Binnington ta wuce, irin wadda mai tsaron ragar ƙasa bai kamata ya bari ba. Wata uku bayan haka, a gasar duniya ta watan Mayu, shi ne a raga lokacin da Denmak ta fitar da Kanada 2 da 1 a garin Herning, alhali Crosby da MacKinnon suna fili. Kanada ce ke gaba har saura minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi, sai Nikolaj Ehlers, wanda a lokacin ɗan wasan garinmu ne, ya farke, Nick Olesen kuma ya ƙarasa aiki saura daƙiƙa 49. Ba na ɗora masa laifin duka, domin 'yan gaban da suka kasa cin fiye da ƙwallo ɗaya su ma suna da nasu kason. Abin da nake nufi shi ne Binnington mutum ne na ranar da ya tashi da ƙafar dama. Ranar irin wannan ce ta ba St. Louis kofin Stanley a 2019, a Boston ɗin dai, amma ba kullum ake kwana a gado ba. Akwai kuma abin da kowa ya sani, cewa a 2025 Armstrong shi ne manajan ƙungiyar St. Louis ɗin, kuma mutum yakan fi amincewa da wanda ya taɓa fitar da shi kunya. Wannan ba laifi ba ne, sai dai yana iya rufe ido.

Da ni ake shawara, Logan Thompson na Washington zan tsayar a wasan farko. An bar shi a gida a gasar ƙasashe huɗu, aka tafi da Adin Hill da Sam Montembeault waɗanda ko minti ɗaya ba su buga ba, shi kuwa ya gama kakar 2024 zuwa 2025 da nasara 31, ƙungiyarsa ta zo ta ɗaya a yankin gabas. Darcy Kuemper na Los Angeles, wanda ya shiga cikin ukun da suka yi takarar Vezina a 2025 kuma ya ci kofin Stanley da Colorado a 2022, shi ma ya kamata ya shiga jirgi. Binnington ya tafi, domin hana shi zai zama butulci, amma a bar wasannin rukuni su nuna wanda hannunsa ke da zafi, kada a rubuta sunansa tun daga gida.

Dalilin da ya sa na nace shi ne tsarin gasar. A NHL sai ƙungiya ta ci wasa huɗu cikin bakwai kafin ta fitar da abokiyar karawarta, don haka mai ƙarfi yakan samu damar gyara kuskure. A Olamfik kuwa da an fita daga rukuni wasa ɗaya ne, wanda ya faɗi ya kama hanyar filin jirgi. A Nagano a 1998 Dominik Hasek na Jamhuriyar Cek ya tare duka 'yan Kanada biyar a bugun raba gardama, Wayne Gretzky yana zaune a benci yana kallo. A Sochi wani matashi ɗan Latbiya, Kristers Gudlevskis, ya tare ƙwallo 55, da ƙyar Kanada ta sha da 2 da 1. Duk lokacin da aka ba ƙasar nan tsoro, mutum ɗaya ne a bakin raga ya yi aikin.

Rukunin Kanada, inda take tare da Faransa da Cek da Siwizalan, bai kamata ya gagare ta ba, ko da yake ba na banza ba ne. Faransa ba ta da ƙarfin ja da ita, amma Cek tana da David Pastrnak kuma ita ta ci gasar duniya ta 2024, Siwizalan kuwa ta kai wasan ƙarshe a 2024 da 2025. A wajen rukunin, Finlan ce ta ci zinaren Olamfik na 2022, sai dai raunin gwiwar da Aleksander Barkov ya samu a Satumban 2025 ya rage mata ƙarfi sosai. Suwidin tana da 'yan baya na gani na faɗa. Babbar abokiyar hamayya dai Amurka ce, wadda har zuwa 2025 rabonta da zinaren maza na Olamfik tun 1980, amma ta ci gasar duniya ta 2025 karo na farko tun 1933, kuma tana da Matthews da Jack Eichel da Quinn Hughes da Charlie McAvoy da 'yan gidan Tkachuk, Matthew da Brady. Abu ɗaya da zai ɗan rage musu kaifi shi ne doka. Dambe uku da aka yi cikin daƙiƙa tara na farkon wasan Montreal ba zai yiwu a Milan ba, domin a dokar ƙasa da ƙasa wanda ya kai naushi korar sa ake yi daga wasan.

Kafin in rufe, akwai abin da zai ba masu karatu sha'awa. Ƙwallon da Crosby ya ci Amurka a ƙarin lokaci a Vancouver a 2010, wadda 'yan Kanada ke kira ƙwallon zinare, Jarome Iginla ne ya miƙa masa ita, kuma mahaifin Iginla ɗan Nijeriya ne.

Hasashena shi ne Kanada za ta jagoranci rukuninta, ta kai wasan ƙarshe na ranar 22 ga Fabrairu, ta haɗu da Amurka. Idan Thompson ko Kuemper ya samu dama ya kuma tsaya da ƙafafunsa, ina ba Kanada rinjaye kaɗan saboda McDavid da MacKinnon da Makar. Idan kuwa aka tsayar da Binnington saboda tuna baya kawai, to Amurka nake ba, kuma na riga na faɗa wa maƙwabcina haka, shi ya sa kwana biyu ke nan bai aiko mini da shayi ba.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naku,
Mai karatu daga Winnipeg, Kanada