Wasiƙa ga Baba daga Shikago

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ku da Inna da sauran mutanen gida. Ya jikin Gwaggo? Allah ya ƙara sauƙi. Mu ma nan lafiya lau, sai sanyi.

Yaya ya ce da kuɗin da na turo suka iso kun tambaya daga ina suka fito, tunda ba lokacin da na saba aikowa ba ne. Ku kwantar da hankalinku, Baba. Ba bashi na ci ba, kuma babu kuɗin ruwa ko caca a ciki. Kuɗina ne na harajin gida da aka biya fiye da ƙima, hukuma ta maido mini.

A nan Amurka ko mutum ya gama biyan kuɗin gidansa, haraji na nan duk shekara, kuma kaso mafi tsoka makarantun gwamnati yake tafiya. A gundumarmu ta Cook, wadda Shikago ke ciki, sau biyu ake biya. Na farko kashi 55 cikin ɗari ne na harajin bara, na biyu kuma ya cike abin da ya rage. Wanda ya bari ya taru, ana iya sayar da bashin ga wani, har ta kai ya rasa gidan. Shi ya sa wasu watannin kuke jin na ce hannuna a ɗaure yake.

Lokacin da na sayi gidan, masu takardun ciniki sun biya kason farko, kamfanin da nake biya kuɗin gidan wata-wata shi ma ya sake biya, ba wanda ya sanar da ɗan'uwansa. Wani maƙwabcina ne ya ce in duba shafin ma'ajin gunduma a intanet. Adireshi kawai ake sawa, ko lambar gidan mai alƙaluma 14, sai ya nuna ko akwai rarar kuɗi, har zuwa shekara 20 baya. Kyauta ne. Na kuma nemi rangwamen da ake yi wa mai zaune a gidan kansa, wanda ke rage dala 10,000 daga ƙimar da ake lissafin haraji a kai. Shi ma ana iya neman na shekara 4 da suka wuce.

Abin da ke damuna shi ne dattawanmu na nan. Wanda ya kai shekara 65 yana da ƙarin rangwame, amma da yawa ba su nema, wasu don tsoron takardun hukuma, wasu kuma sun ɗauka damfara ce. Mutum ya kwana yana tuƙin tasi cikin ƙanƙara, haƙƙinsa kuma na ajiye bai sani ba! Yanzu bayan sallar Juma'a nakan zauna da waya in duba wa duk mai so.

Roƙona, Baba, a fara da rufin ɗakin Inna kafin damina ta faɗi. A sayi kwano mai kauri, kada a bi araha. Abin da ya saura a biya wa Auta kuɗin jarrabawa. Yaya ya turo mini hoto in an fara aikin.

A gaida Kawu da Liman. Ku ci gaba da sa mana albarka.

Ɗanku,
daga Shikago