Don Allah a daina fara kwance jan wayar batir

Assalamu alaikum Edita, ya aiki ya jama'a. Ka ɗan ba ni fili in yi magana da 'yan uwana direbobi da yaran mota na karkara.

Ni tsohuwar Golf nake ja tsakanin Gumel da Maigatari, kuma a ƙauyenmu kusan kullum sai an cire batir, ko saboda ɓarayi da daddare ko wani ya zo aro zai haɗa lasifikar ɗaurin aure. To ranar wata Alhamis da asuba muna shirin kasuwa na ce wa ƙanena ya cire batirin a jarraba shi a motar maƙwabcinmu da ta ƙi tashi, yaron nan ya ɗauko sifana lamba 10 ya ɗora a kan jan wayar batirin, yana murɗawa sai gindin sifanar ya taɓa bodi, wallahi tartsatsin da ya tashi har kajin gida sai da suka watse. Akwai zoben azurfa a hannunsa, nan take ya ɗau zafi ya ƙona masa yatsa zagaye, har yau tabon na nan.

Laifina ne, ban taɓa zaunar da shi na faɗa masa dalili ba. Baƙin waya mai alamar − a jikin bodin mota yake ɗaure, wato duk ƙarfen motar negatif ne, shi ya sa in ka fara da ja mai alamar + kuma sifana ta goga ko'ina ka haɗa wuta kai tsaye. Amma in baƙin ka fara cirewa ka kautar da shi gefe, sifana ta taɓa bodi ma ba abin da zai faru. Wajen mayarwa kuma sai a juya, ja tukuna sannan baƙi a ƙarshe. Mutane na cewa ai ƙarfin wutar batir bolt 12 ne kawai ba ya jan mutum, eh ba ya ja, amma yana narka ƙarfe.

In wayoyin sun yi dauɗa ba ka gane kala, duba kan batirin, na + ya fi kauri. A kashe mota a zare makulli kafin a fara, a cire zobe da agogo, masu sigari su matsa don batir na fitar da iskar da ke kama wuta, kuma ruwansa asid ne.

Sai wannan ɗabi'a ta zare kan batir mota na aiki wai ana gwada caji, haba jama'a, a motocin yanzu masu kwamfuta asara ce kake kira, mita na nan wajen mai wayarin kuma gwajin ba ya cin minti biyu.

Ƙanen nawa dai yanzu sai ya zura zoben a aljihu kafin ya ɗaga bonet.

Naka,
Wani direba daga yankin Gumel, Jihar Jigawa