Man Kolmani: wa zai sa ido kan ruwan da za a ɗura ƙasa?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Dan Allah a ba ni fili in ce wani abu kan man Kolmani. Tun da marigayi Buhari ya ƙaddamar da aikin a Nuwamba 2022 hirarmu ba ta wuce ganga biliyan ɗaya da wa zai samu aiki da ko na Bauchi ne ko na Gombe, amma maganar ruwa shiru, alhali ita ce za ta shafi mutanen Alkaleri da Akko kai tsaye.

Shi mai ba a tafki yake kwance ba, yana cikin ƴan ƙofofin dutse ne can ƙasa, da farko matsin da ke wajen ke turo shi sama, ana ɗiba matsin na raguwa, toh sai kamfani ya haƙa wasu rijiyoyi daban ya riƙa ɗura ruwa da famfo don ya riƙe matsin ya kuma koro man zuwa rijiyar da ake ɗiba. A filin man Ghawar na Saudiyya ruwan teku suke tacewa a matatar ruwa ta Qurayyah su tura miliyoyin ganguna kullum. Mu Kolmani ina tekun? Sai dai kogi ko ruwan ƙarƙashin ƙasa ko ruwan da ya fito tare da man, a yankin da mutane ke shan wahalar ruwa da rani.

Kuma rijiyar ɗura ruwa ba a kunna famfo a tafi a bar ta. Kullum sai an auna ganga nawa ta sha da kuma matsin da ke bakinta. In matsi na hawa ruwan da ke shiga na raguwa, ƙofofin dutsen sun fara toshewa kenan, ko da laka ko tsatsa ko gishirin da ya daskare ko bakteriya. In kuma kwatsam matsi ya faɗi rijiya na ta shanye ruwa, wallahi wannan ya fi tayar min da hankali, don ko dutsen ya tsage ko bututu ya hude ko simintin da ke bayansa ya saki, ruwan na tafiya inda ba a aike shi ba, kuma in ruwan da ya fito da mai ne aka mayar, gishiri ne da guntun mai, ya haura ya shiga ruwan burtsatse shikenan. Injiniyoyi na da gwajin da suke ƙara gudun famfo mataki mataki su gano matsin da dutse ke fara tsagewa don kar a wuce shi, suna kuma zuba wani sinadari a ruwan su jira su ga ta wace rijiya zai ɓullo, in ya fito da wuri an san ruwan ya samu gajeriyar hanya ya bar man a baya. Ruwan da ba a kashe bakteriyarsa ba kuma yana haifar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, tana cin ƙarfe tana kisa.

Rashin riƙe matsi ma asara ce, a filin man Ekofisk da ke cikin tekun Norway ƙasan tekun ta riƙa nitsewa har a 1987 aka ɗaga dandamalin aikin mita 6.

Don haka nake roƙon hukumar NUPRC, tunda dokar man fetur ta 2021 ita ta ba ta kula da haƙo mai, kafin a ɗura ganga ko ɗaya a fito a faɗi daga ina za a samo ruwan, a auna rijiyoyi da burtsatsen ƙauyukan kewaye yanzu a ajiye sakamakon don a samu abin kwatantawa gobe, sannan alƙaluman matsi da gwajin lafiyar bututu a riƙa buga su kowa ya gani. Ƴan majalisarmu na Bauchi da Gombe ku nemi waɗannan takardun a rubuce, jaridarku kuma Malam Edita dan Allah ta tura wakili ya yi musu wannan tambayar.

Naku,
Mai karatu daga Alkaleri