Godiya ga masu haɗa mana na'urar ciniki da lissafin intanet a Kaduna

Zuwa ga Manaja da ɗaukacin ma'aikatan ofishin haɗa na'urorin ciniki da lissafi da ke kan titin Ahmadu Bello, Kaduna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe Manaja, da kai da yaranka baki ɗaya. Mu wasu masu shagunan kayan masarufi ne da 'yan sari daga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da Kasuwar Barci da Kawo, tare da akantocin da ke duba littattafan wasu daga cikinmu. Mun ga ya dace mu gode muku a bainar jama'a, tunda yabon gwani ya zama dole. Sunan kamfaninku kuwa da gangan muka bar shi, kada wani ya ɗauka biyan mu aka yi mu yi talla. Kun san kanku, waɗanda kuka yi wa aiki ma sun san ku.

Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, da wuya ka shiga shago a garin nan ka rasa POS a kan kanta, na Moniepoint ko OPay ko PalmPay ko na wani banki. Da yawa sun ɗauka shi ke nan, lissafi ya shiga zamani. Alhali wannan na'ura kuɗi kawai take karɓa. Ba ta san sukari aka saya ko sabulu ba, ba ta san nawa aka saro shi ba, balle ta faɗi abin da ya rage a sito. Ku ne kuke zaunar da mai shago ku raba masa biyun: ga mai karɓar kati, ga kuma manhajar da ke rubuta kowane ciniki, ta rage kaya, ta kai lissafin rumbun intanet inda zai iya dubawa daga wayarsa ko yana Kano wajen sari.

Babban abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne ba ku yarda ku kunna na'ura sai an ƙirga kaya. Masu shago ba sa son wannan mataki, don yana cin yini guda, a babban shago ma har biyu, ga ƙofa a rufe. Amma lissafin da aka fara da ƙiyasi haka zai yi ta tafiya a karkace har ƙarshen shekara. Yaranku sukan zo da sikana da takardar ƙidaya, su bi kanta layi-layi, su shiga sito, har ƙarƙashin benci inda ake tura kwalayen da aka manta. Kayan da ke da lambar zane a jiki, mai alƙaluma 13 ɗin nan, wadda ta kamfanonin da suka yi rajista a Najeriya ke farawa da 615, sikana ke karanta su. Waɗanda ba su da ita, irin su gero da wake da garin kwaki, sai a ba su gajeriyar lamba da yaron shago zai iya haddacewa.

Sai maganar awo, wadda a nan ne yawancin masu haɗa irin wannan tsari ke tuntuɓe. Ana saro taliya a katan mai guda 20, ana sayar da ita ɗai-ɗai. Ana saro ƙwai a kiret mai 30, mai shayi ya zo ya ɗauki biyar. Idan aka shigar da katan a matsayin abu ɗaya, duk sanda aka sayar da taliya guda sai manhajar ta cire katan sukutum, kafin mako ta nuna kaya sun ƙare alhali suna nan jibge. Kuna saita kowane kaya da awo biyu, na sari da na ɗai-ɗai, da farashin kowanne. A kan hatsi kuma ba ku karɓar adadi da baki. Sai an farke buhu mai kilo 50 a gabanku, an auna da mudun shagon kansa, da irin tsororon da ake yi wa kwastoma, domin mudun wannan layi ba lallai ya zo daidai da na wancan ba. Har gurbi kuka ware wa gyara da abin da ke zubewa a ƙasa. Wanda bai taɓa tsayawa bayan buhun shinkafa ba, ba zai tuna da gyara ba, kuma ita ce ke sa a zargi yaro da satar da bai yi ba.

Kowane yaron shago kuna ba shi lambar sirrinsa daban. Rage farashi, soke ciniki bayan rasit ya fita, da mayar da kaya, duk sai da lambar maigida ko wakilinsa. Wannan ya kare maigida, ya kuma kare yaro mai amana, don in kuɗi sun yi gibi an san a hannun wa, da ƙarfe nawa.

Rufe ciniki da dare kun mai da shi aikin minti goma sha biyar. A ce an buɗe shago da canjin naira 20,000, manhaja ta nuna cinikin tsaba na 184,500, an cire 6,000 an sayo fetur na janareta, an ba 'yan dako 2,500. Abin da ya kamata a samu a durowa 196,000 ne. Ƙa'idarku ita ce yaro ya fara ƙirga kuɗin ya rubuta abin da ya samu, sannan manhajar ta nuna nata adadin; in ya riga ya ga adadin, hannu yakan nemi hanyar da zai cika shi. Daga nan a gwada cinikin kati da na taransifa da abin da ya shiga asusu. Nan kusan kullum sai an ga ɗan bambanci, kuma kun bayyana dalili tun farko: akwai ladan da masu na'urar kati ke cira, har zuwa ƙarshen 2025 kuma akwai naira 50 ta gwamnati da ake cirewa daga asusun wanda aka tura wa kuɗi daga 10,000 zuwa sama. Kun buɗe wa cajin banki layinsa a littafi, don haka ba ya ɓuya cikin riba, ba a kuma ɗora shi a wuyan kowa.

Takardar nan da kuke mannawa a gefen kanta, mai fassarar lambobin da ke fita a rasit, ta kashe rigima da yawa. 00 kuɗi sun shiga. 51 kuɗin asusun kwastoma ba su kai ba. 55 ya yi kuskuren lambar sirri. 91 bankinsa ne bai amsa ba, kuma wannan ce mai haɗa faɗa, domin sau da yawa alat na cirewa zai shigo wayarsa alhali mai shago bai ga ko kwabo ba. Kun koya wa yara kada a ba da kaya a kan haka, kada kuma a yi musu da mutum. A ɗauki hoton rasit ɗin, musamman lambar RRN mai alƙaluma 12, wadda banki ke bin sawun cinikin da ita, da kwanan wata da lokaci, a ba shi takardar ya kai ƙorafi bankinsa in kuɗin ba su dawo da kansu ba. Tun 2020 Babban Banki ya sa wa'adin awa 72 na warware irin wannan matsala ta POS, kuma kwastoma yakan sauko idan aka gaya masa haka cikin ladabi. Alat na bogi ma maganinsa ɗaya kuka bayar: a duba manhajar asusun shago, a rabu da abin da fuskar wayar mai saye ke nunawa, ko da Alhaji ne da babbar riga.

Ɗaukar hoton rasit yana da wani dalili. Takardar ba tawada ke rubuta ta ba, zafi ne, shi ya sa in ta sha rana ko ta kwana biyu a aljihu lokacin bazara sai rubutun ya dushe. Kuna tambayar faɗin firinta kafin ku kawo takarda, milimita 58 ce ko 80, kuna kuma nuna yadda ake sa naɗin, don in aka juya shi baibai takarda za ta fito fara fat. Da hunturu, lokacin da ƙura ke shiga ko'ina, mun ga yadda ma'aikacinku ke kashe firinta, ya bar ta ta huce, ya jiƙa ɗan auduga da sifirit ya goge kan da ke bugawa a hankali, ya hure ƙurar da ta taru a gefen abin naɗi. Aikin minti uku ne. A wani wurin da an ce firintar ta mutu, a kawo kuɗin sabuwa.

Wuta da sabis kuwa kowa ya san halinsu. Kuna sa ƙaramin UPS, wato batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke, tsakanin soket da kwamfuta, kuna kuma faɗin gaskiya cewa ba zai riƙe shago yini ba, amfaninsa 'yan mintocin da za a tayar da janareta ko a koma inbata ba tare da cinikin da ke kan allo ya ɓace ba. Kuna ba da shawarar layin waya biyu na kamfanoni daban. Manhajar tana ci gaba da aiki ko babu intanet, amma kun yi gargaɗi biyu da muka ga amfaninsu. Kafin a kashe na'ura da dare a duba adadin cinikin da ke jiran turawa ya koma sifili. Agogon na'urar kuma ya zama daidai, domin in batirinsa ya mutu kwanan wata ya koma baya, cinikin yau sai ya faɗa cikin wata shekarar, rahoton wata ya fito da rami.

A ɓangaren lissafi, akantocin cikinmu sun ce a yaba muku a kan uwar kuɗi. Ga misali: an saro katan 10 a kan 18,000, bayan mako biyu an ƙaro 10 a kan 20,000. Manhaja za ta raba tsakani ta ce kowane katan ya tsaya a 19,000. In aka sayar a 19,500 littafi zai nuna ribar 500, amma gobe in an koma wajen dila 20,000 zai nema. Haka jari ke narkewa mutum yana murna. Kun ƙara gurbin da ke nuna farashin sari na ƙarshe kusa da na tsakaici, don mai shago ya ga biyun kafin ya yanke farashi. Kun kuma nace cewa kuɗin cefane, da na makarantar yara, da sabulun da uwargida ta aiko a ɗauka, duk a rubuta su a layin abin da maigida ya cira. Wannan magana ba ta yi wa wasu daɗi ba, amma kun faɗe ta ba kwana-kwana.

Littafin bashi ya koma cikin manhaja da suna da rana da iyakar abin da za a iya ba kowa, kuma rahoton yana ware na kwana 30 da wanda ya haura 90. Kayan da ke da ranar lalacewa, madara da man gyaɗa na gora da makamantansu, yana tunatarwa tun da sauran lokaci, don a fito da tsoho gaba. Rahoton da ya fi faranta wa dattawanmu rai shi ne na zakka: jerin kayan da ke shago da kimarsu a farashin ranar, da tsabar kuɗi, da na banki, da bashin da ake sa ran dawowarsa, duk a shafi ɗaya. Hukunci kun bar wa malamai, ku dai kun kawo alƙaluman da za a fitar da ɗaya bisa arba'in a kansu.

Haraji ba ku yi masa karambani ba. Harajin VAT, wato wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya, yana kan kashi 7.5 tun Fabrairun 2020, amma ba kowane kaya ya shafa ba, ba kuma kowane ƙaramin shago ba, don haka ba ku kunna shi ga kowa. Kuna tura mutum ya ji ta bakin akanta ko ofishin haraji, musamman da sababbin dokokin da aka sa wa hannu a Yunin 2025. Mai shago dai ya samu takardar ciniki mai tsari da zai iya ajiyewa a gaban ma'aikatan KADIRS, hukumar tara harajin jihar Kaduna, ko gaban banki in yana neman jari.

Amana ɗaya da ba kowa ke riƙewa ba: asusun manhajar da lambar wayar mai shago kuke buɗe shi, shi ke riƙe da kalmar sirri, ma'aikacinku ma sai ya nemi izini kafin ya shiga. Kuɗin sabuntawa na shekara kun faɗe shi tun ranar farko. Kun kuma nuna yadda ake sauke lissafin kowane wata a Excel a ajiye daban, ko da wata rana mutum zai bar ku.

Roƙonmu biyu ne, ranka ya daɗe. Yaran shago da yawa sun fi gane karatun Hausa, don haka muna so a fassara maɓallan da aka fi taɓawa, ko da guda goma ne, kamar yadda kuka fassara takardar lambobin rasit. Sannan 'yan'uwanmu na Rigasa da na ƙetaren gada, Kakuri da Sabon Tasha, suna kukan nisa idan firinta ta tsaya ranar Asabar da yamma. In da hali a ajiye musu ma'aikaci ɗaya a can, ko da kwana biyu ne a mako.

A gaishe mana da Hajiyar da ke amsa waya, da samarin da ke yawo a babur da jakar kayan aiki. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi, ya kare ku a hanya.

Wassalam.

Naku,
Wasu 'yan kasuwa da akantoci na cikin garin Kaduna