Na'urar kallo tana magana, masu sayar da ita ne ba su sani ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida mai albarka kan ƙananan na'urorin kallo ta intanet da ake maƙalawa a bayan talabijin, waɗanda suka fara yawa a gidajen Katsina. Ni makaho ne, kuma kamar kowa ina bin labarai da tafsiri da ƙwallo da fina-finan Hausa, kunne yana ɗauke mini mafi yawan aikin. Wahalar tana wajen isa ga shirin. A da tasha biyu ce ko uku, ka murɗa ka samu. Yanzu jerin hotuna ne a allo, rimot kuwa ba ya faɗa maka inda ka tsaya.

Alhali manyan kamfanonin sun daɗe da sa murya mai karanta allo a cikin kayansu. A Fire TV na Amazon sunanta VoiceView, kuma idan ka danne maɓallin komawa baya da na menu tare na daƙiƙa biyu sai ta tashi. A Roku maɓallin tauraro ake dannawa sau huɗu a jere. Apple TV na da VoiceOver irin ta iPhone, na Google kuma TalkBack, wadda duk makahon da ke riƙe da wayar Android ya saba da ita. Ba don tausayinmu kaɗai suka yi ba. A 2010 Shugaba Obama ya sa hannu a dokar da ta wajabta sauƙaƙa wa nakasassu kayan sadarwa da na kallo a Amurka, kamfanoni kuwa suka bi.

To, je kasuwa ka ce a ba ka wadda ke magana. Wani mai shago cewa ya yi da ni, "Malam, ai yaro sai ya riƙa kunna maka." Yaron yana makaranta, kuma magidanci bai kamata ya jira ɗansa kafin ya ji labaran ƙarfe bakwai ba. Abin da ya fi cika shagunan ma akwatuna ne masu araha marasa sanannen suna. Wanda na saya, an bincika mini saitinsa kaf ba a sami muryar ba, mai shi kuma ya ce kaya sun fita ba sa dawowa.

Ko an dace da na'ura mai kyau, akwai sauran rina a kaba. Muryar dai, abin da mai manhaja ya rubuta take karantawa. Na shiga wata manhajar fina-finan Hausa, duk inda na matsa sai in ji "botin, botin", don ba a raɗa wa maɓallan suna ba. Wannan gyara ba ya cin kuɗi, rubutu ne kawai da matasanmu masu haɗa manhaja za su ƙara. Sunayen finafinan kuwa da lafazin Turanci take furta su, sai ka yi ta canke.

Sai kuma bayanin murya, wanda Netflix ta fara sakawa a shirye-shiryenta a 2015: mai bayani yana faɗin abin da ke faruwa a wurin da 'yan wasa suka yi shiru. Idan kishiya ta barbaɗa magani a miya ba ta ce uffan ba, ni kiɗa kawai na ji, labarin ya wuce ni. Masu shirya fim na Kano da Kaduna suna da masu zaƙin murya da za su iya wannan aiki.

Mu ma muna da doka. A Janairun 2019 Shugaba Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, aka kuma kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Ina kira ga hukumar da ta zauna da NBC, hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, kan wannan batu. Kafin nan, Malam Edita, ku tura wakilinku babbar kasuwa ya tambayi masu sayar da kayan lantarki ko za su yarda makaho ya kunna muryar ya gwada kafin ya biya.

Naku,
Mai bibiyarku daga Ƙofar Marusa, Katsina