A Gyara Gasar Golf, A Buɗe Wa 'Ya'yan Zango Ƙofa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mai farin jini mu yi magana a kan wasan golf a nan Kumasi, musamman yadda ake tafiyar da gasa da kuma zaman da ake yi bayan an tashi. Da yawa daga cikin 'yan'uwanmu na Aboabo da Asawase da Sabon Zango sun ɗauka wasa ne na Turawa da manyan masu kuɗi, suna wuce filin Royal Golf Club ba su taɓa leƙawa ba. Alhali a filin ne ake buga gasar Asantehene, wato Sarkin Asante, Mai Martaba Otumfuo Osei Tutu II, wanda shi kansa ɗan wasa ne, kuma wasan ya daɗe a Gana: kulob ɗin Achimota da ke Akra tun 1934 aka kafa shi. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, gasar golf a kan amana take tsaye, kuma amanar nan tana da ƙa'idojin da sabon shiga ya kamata ya sani kafin ya biya kuɗin rajista.

Fili cikakke ramuka 18 ne, ana buga ƙwallo da sanda har ta faɗa kowane rami, kuma ƙarancin bugu ake nema. Kowane rami yana da adadin bugun da ake sa ran gwani zai yi kafin ƙwallo ta faɗa, uku ko huɗu ko biyar gwargwadon nisansa, wannan ita ce ƙa'idar rami. Ramin kansa faɗinsa milimita 108 ne kacal. Ba a yarda ɗan wasa ya ɗauki sanda fiye da 14 a jakarsa ba, wanda ya manta ta 15 a ciki za a ƙara masa bugu biyu a kowane ramin da ya buga da ita a jaka, har zuwa bugu huɗu. Shi ya sa ake ƙirga sanduna tun a wurin fara wasa.

Inda ake yawan samun rigima shi ne rangwame, wato abin da 'yan wasa ke kira handikaf. Shi ne ke sa dattijo mai shekara 65 ya kara da saurayi kuma ya iya doke shi. Tun 2020 duniya ta koma tsari ɗaya: ana duba katunan wasa 20 na ƙarshe da mutum ya miƙa, wato takardun da ake rubuta adadin bugunsa a kowane rami, a zaɓi 8 mafiya kyau, a fitar da matsakaicinsu. Mafi girman rangwame 54 ne. Mai rangwame 18 ana rage masa bugu ɗaya a kowane rami. Mai 10 ana rage masa a ramuka goma mafiya wuya kawai, kuma an rubuta jerin wuyar ramukan a jikin kati daga 1 zuwa 18. Mai 24 yana samun ɗaya a ko'ina, da ƙarin ɗaya a ramuka shida mafiya wuya.

To, ga inda gizo ke saƙar. Mutum zai riƙa miƙa katin ranar da wasa ya ƙi shi, ya ɓoye na ranar da hannunsa ya faɗa. Rangwamensa ya yi ta kumbura. Ranar babbar gasa, da aka sa firji ko tikitin jirgi a matsayin kyauta, sai ya fito da ainihin ƙarfinsa. A tsarin maki na Stableford, wanda yawancin kulob ke amfani da shi, bayan an cire rangwame, wanda ya cika ƙa'idar rami yana da maki 2, wanda ya zarce da bugu ɗaya yana da 1, wanda ya rage bugu ɗaya yana da 3, ya rage biyu yana da 4. Saboda haka maki 36 shi ne mutum ya buga daidai ƙarfinsa. A samu 41 ko 42 sau ɗaya a shekara, wannan rabo ne, a taya shi murna. Amma mutum ɗaya ya riƙa kawo 44 duk ranar da kyauta ta yi tsoka, sannan ya koma 28 a gasar wata-wata, kowa ya san ruwa ba ya tsami banza. Maganinsa ba wuya. A wajabta miƙa kowane kati a ranar da aka buga, kwamitin rangwame ya zauna aƙalla sau ɗaya a shekara ya bi sunaye ɗaya bayan ɗaya, kuma a sa sharaɗin cewa wanda bai miƙa wani adadi na katuna cikin watannin baya ba zai iya buga gasa amma ba zai ɗauki kyauta ba. Kunyar gaya wa babban mutum gaskiya ita ce ke hana kwamitoci yin wannan, kuma ita ce ke korar masu gaskiya daga gasa a hankali, su daina zuwa ba tare da sun ce uffan ba.

Katin ma yana da nasa tarkon. Ba mutum ke rubuta wa kansa ba, abokin wasansa ne ke riƙe masa, shi kuma ya riƙe na wani. In an gama, sai kowa ya duba nasa rami bayan rami, su biyun su sa hannu. Wanda ya sa hannu a kan adadin da ya gaza abin da ya buga a wani rami, an kore shi daga gasar. Wanda ya sa hannu a kan adadin da ya zarce, haka zai zauna. A gasar Masters ta Amurka a 1968, Roberto De Vicenzo ɗan Ajantina ya buga uku a rami na 17, abokin wasansa ya rubuta masa huɗu, ya sa hannu bai duba ba, kuskuren nan shi ya hana shi karawar raba gardama a kan kofin. Haɗa jimla aikin kwamiti ne, ɗan wasa abin da ke kansa shi ne lambar kowane rami. Shawararmu, a riƙa faɗin adadi da baki da zarar an bar kowane rami, a rubuta nan take. Wanda ya bari sai rami na 9 sannan ya zauna tuna abin da ya faru a na 4, gardama yake nema. Kuma a ajiye tebur a inuwa nesa da hayaniyar ɗakin kulob, inda za a zauna a duba kati kafin a sha ko ruwa.

Sai maganar lokaci. A Kumasi rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 ta faɗi wajen ƙarfe 6, rani da damina, babu wani dogon yammacin da za a dogara da shi. Rukunin mutum huɗu yana cin kamar awa huɗu da rabi. Idan ana sakin rukuni duk minti 10 daga 6:30 na safe zuwa 1:00 na rana, rukuni 40 ke nan, mutum 160, kuma na ƙarshe zai gama wajen 5:30. Duk wanda aka cusa bayan haka a duhu zai ƙarasa. Mai makara kuma doka ba ta san girma ba: cikin minti biyar, bugu biyu, ya wuce minti biyar, ya fita. Rukuni ɗaya mai nawa kan tare duk na bayansa, kamar babbar mota ta lalace a hanyar Kejetia. Abin da ke kawo nawar sanannen abu ne. Neman ƙwallon da ta ɓata minti uku ne tun 2019, da can biyar ne, wasu har yanzu da tsohon lissafi suke aiki. Wanda ya ga ƙwallonsa ta nufi daji ya faɗa wa abokansa a fili cewa zai buga ta wucin gadi, ya buga tun daga nan, don in ba a ga ta farkon ba kada ya yi tattaki ya koma baya. A Stableford kuma, in mutum ya riga ya wuce inda zai samu maki, ya ɗauki ƙwallonsa kawai a wuce gaba.

Damina tana zuwa da nata. In ruwa ya kwanta inda ƙwallo take, ko ta nutse cikin laka a inda ta faɗo, ana ɗagawa ba hukunci, a sake ta daga tsayin gwiwa cikin tazarar sanda ɗaya, ba tare da an matso kusa da rami ba. In aka busa doguwar jiniya saboda walƙiya, a tsaya nan take, wanda ya ƙara bugu ɗaya ma korarsa za a yi, kuma kada a fake a gindin itace. Da hunturu ƙasa takan yi tauri, ƙwallo ta yi ta gudu, sai a sauke ta kafin shimfiɗar gajeriyar ciyawar da ke kewaye da ramin a bar ta ta gangara.

Yanzu ga abin da ya fi damunmu. Bayan an miƙa katuna ana taruwa a ɗakin kulob, wanda 'yan wasa ke kira rami na 19. A nan ake cin abinci, kyaftin ya yi jawabi, a kira wanda ya fi kowa nisan bugu, da wanda ƙwallonsa ta fi kusa da tutar da ke kafe a rami, da zakaran maza da na mata. In an yi kunnen doki a duba ramuka 9 na ƙarshe, in an sake a duba 6, sannan 3, sannan na ƙarshe. Zama ne mai daɗi, likita da ɗan kasuwa da soja mai ritaya a tebur ɗaya, kuma sanayyar da ake ƙullawa a awa huɗu na tafiya a ƙasa ta fi ta ofis ƙarko. Sai dai Musulmin da ya shigo yakan tarar ba a yi lissafi da shi ba, ba don ƙiyayya ba, don dai ba wanda ya taɓa kawo maganar a taron kulob.

Gyaran ƙanana ne. Wurin alwala da tabarma biyu ko uku a wani lungu mai tsabta. Azahar tana shiga jim kaɗan bayan 12, la'asar wajen 3:30, don haka wanda ya fara kafin 7:30 zai gama ya yi sallarsa a natse, wanda aka ba shi 1:00 kuma ya yi azahar kafin ya fara, ya riski la'asar kafin magariba. Matsalar tana kan waɗanda aka sa tsakanin 11 da 12. Doka tana hukunta mai jinkirta wasa ba dalili, amma kwamiti na da ikon rubuta hutun minti 10 bayan rami na 9 a cikin sharuɗɗan gasa, ya zama na kowa. Gasar da ta faɗo Juma'a a sa masu zuwa masallaci a rukunin farko. A watan azumi ma haka, don tafiyar ramuka 18 ta kai kilomita takwas ko fiye, ba abin yi ba ne da tsakar rana da baki a bushe. A teburin walima a ajiye soɓolo da lamurje da ruwan sanyi, a faɗa wa mutane naman da aka dafa da inda aka yanka shi. In kyautar wani mataki kwalbar giya ce, a tanadi ƙwallaye ko safar hannu na daidai kuɗinta, don kada a kira mutum gaban jama'a a miƙa masa abin da ba zai iya karɓa ba. 'Yan kuɗin da ake sawa tsakanin abokai a kan rami, wanda ya ce ba ya yi a ƙyale shi ba gori. Mata kuwa, dokar wasa ba ta hana dogon wando ko rufe kai ba, maganar sutura ta kulob ce, kuma ya kamata a rubuta ta a fili.

Sannan yaran da ke ɗaukar jaka, waɗanda ake kira kadi. Yaro zai saɓa jaka mai kilo goma ko fiye tun sanyin safiya, ya goge sanda bayan kowane bugu, ya share yashi, ya riƙe tuta, ya durƙusa ya karanta gangaren ciyawa ya ce a buga tazarar ƙwallo biyu ta hagun rami, kuma ta faɗa. Maigidansa ya ɗaga kofi, shi yana bakin wurin ajiye motoci yana jiran sallama. Doka ta ɗora laifin kadi a kan ɗan wasansa: in ya tsaya a bayansa da gangan yana saita shi lokacin da ya fara gyara tsayuwa, bugu biyu ne. Ke nan koyar da su doka riba ce ga mai jakar. Muna ganin ya dace kowane kulob ya liƙa kuɗin kadi a allo da sidi, a biya da zarar an gama, a ba su abinci ranar gasa, a ware musu rana ɗaya a mako su buga, a kuma shirya musu gasarsu da kofinsu. Seve Ballesteros na Sifen da ɗaukar jaka ya fara. Gana ta fitar da ƙwararru irin su Emos Korblah da Vincent Torgah, kuma ba abin da zai hana na gaba ya fito daga Aboabo.

Ga iyayenmu da yayyenmu 'yan kasuwa na zango, ba sai an sayi sanda 14 ba kafin a fara. Bakwai na hannu sun isa shekarar farko. A je wurin mai koyarwa na kulob a yi darasi biyar ko shida kafin a taka fili, a buga ramuka 54 da wani memba yana riƙe kati, wato zagaye uku, daga nan za a ba mutum rangwamensa na farko ya shiga gasar wata-wata. Kuma a halarci babban taron shekara, don a nan ake zaɓen kwamiti, a nan ne kuma za a iya kawo maganar tabarma da hutun rami na 9.

Mun gode, Malam Edita. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wasu masu buga golf daga zangon Kumasi, Gana.