Godiya ga Ma'aikatan Sashen Gashin Ƙashi na Asibitin Ƙashi na Dala

Assalamu alaikum.

Na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a domin in gode muku kan ɗawainiyar da kuke yi da ɗana mai shekara 12, wanda ke fama da ciwon raunin tsoka da likitoci ke kira Duchenne. Ciwo ne na gado da ya fi kama yara maza, jiki ya rasa sinadarin distrofin mai kare tsoka, sai ƙarfi ya yi ta raguwa a hankali. Tun yana ɗan shekara 4 sai ya dafa cinyoyinsa yake iya miƙewa daga ƙasa. Bara ƙafa ta daina ɗaukarsa.

Keken guragun da muka saya masa na manya ne. Ya yi masa faɗi, mazaunin ya lotsa, ƙafafu na reto. Kullum a karkace yake, hannu ɗaya na tokare da jiki don kada ya kife, ko loma sai an kai masa baki.

Ku ne kuka auna faɗin ƙugunsa da tsawon cinyarsa, kuka sa katako da soso mai tauri a mazaunin, kuka tallafe haƙarƙarinsa da matasai gefe da gefe, kuka ɗago matakin ƙafa har tafinsa ya zauna daram. Da aka kafa masa ɗan allo a gaba ya ɗora gwiwar hannu, nan take ya riƙe biro ya rubuta sunansa. Wallahi wannan ya ratsa ni. Ashe da sauran ƙarfi a hannun, rashin kyakkyawan zama ne ya ɗaure shi.

Kun kuma faɗa mana gaskiya ba tare da kwana-kwana ba: ba a samo maganin warkewa ba tukuna, kuma yaro in ya koma keke ƙashin bayansa kan fara lanƙwasa har ya matse huhu. Don haka kuka koya wa mahaifiyarsa miƙar da idon sawu, gwiwa da wuyan hannu kullum kada gaɓoɓi su ƙage, kuka ce kada mu yi wasa da gwajin zuciya da na numfashi, kuma mu dawo a sake auna keken yayin da yake girma. Ba ku taɓa yin magana a kansa kamar ba ya wurin ba. Shi kuke fara tambaya, "Ina ne ke maka ciwo in ka daɗe a zaune?"

Allah Ya saka muku da mafificin alheri, Ya raya muku zuri'a.

Naku,
Mahaifin yaron, daga Kano